Musayar Waƙa: Ina 'Yan Kallo Suka Shiga?

Baba Na-Kobi:
Salamu alaikum. Jiya na biya ta gidan kallon ƙwallo na unguwarmu a nan Bauchi, benci ya fi mutane yawa. Ga baitocina. Amsa-amon "wa" ne, wanda ya karya tarar shayi a kansa.

Bismillahi na ɗau alƙalami,
In tambayi yaro da malami,
Wa ya zuba wa ƙwallo tsami,
Har masoya suke ta watsewa?

A 1998 muna nan,
Kulob ɗinmu Wikki ta ɗauko kofi garin nan,
Filato ta sha kashi a ranan,
A bugun fenariti, ba mantawa.

Kofin duniya na matasa a 1999,
Filin Ɓalewa baƙi ya tara,
Tun hantsi layi yake ƙara,
Yau ko kira ake ba a amsawa.

Mai Gidan Kallo, Wunti:
Baba, ni ka taɓo.

Tsaya in ba ka lissafi,
Ni wuƙar ta yanka da kaifi,
Tun da aka janye tallafi,
A 2023, mai ya fi ƙarfin kowa.

Janareta ba ya jin lallashi,
Kuɗin dikoda ya ƙi yin taushi,
In na ƙara na shiga, a yi fushi,
In ban ƙara ba, ni ke faɗuwa.

Su ma Turawan kwaɗayi ya kama su,
A 2021 kulob 12 suka ware kansu,
Super League, magoya baya suka tasar musu,
Kwana biyu ta yi, sai rushewa.

Ɗan Yelwa:
A gafarce ni Baba, ba raini ba ne.

Minti 90 a kan katako?
Waya na aljihu tana kawo saƙo,
Ƙwallayen duka, ƙarshe da farko,
A minti uku nake gamawa.

Ba kulob muke bi ba, ɗan wasa,
Ronaldo ya tafi Saudiyya da kansa,
Muka kwashi kaya muka bi bayansa,
Messi na Amurka, can muke leƙawa.

Ga VAR, alƙalancin bidiyo, da Ingila ta ɗauka a 2019,
An ci, ka yi tsalle, ka yi ƙara,
A ce satar gida ce, a sake a gyara,
Murnar ma sai an jira tantancewa.

Na-Pantami:
Yayyenmu na Bauchi, ku matsa ƙaninku na Gombe ya zauna. Tun 1996 kuka sallame mu, amma ba mu yi nisa ba. Ku kuna ta Turai, ni ta gida zan yi.

Jiha muka raba, ba mu raba ciwo ba,
Gasar gida ba ta riƙe amana ba,
Mai masauki bai cika faɗuwa ba,
To me za ka kalla, ka san ƙarewa?

In baƙo ya ci, sai jifa ta tashi,
Alƙali ya fita 'yan sanda na kare shi,
Hukuma ta rufe fili don fushi,
A kai wasan gida wata jiha bugawa.

Yaro ya haska kaka ɗaya,
Kafin ka haddace lambar baya,
Ya yi fasfo ya kama hanya,
Rigar wa za ka saya don sawa?

Inna 'Yar Jahun:
Maza kun yi ta zuba, ba wanda ya leƙa cikin gida.

Duk kun tsallake babbar cuta,
Caca ta shiga ƙwallo ta ɓata ta,
Yaro bai damu da wa ya buga ta,
Tikitinsa kawai yake dubawa.

Wace uwa za ta saki ƙaramin yaro,
Wurin da ake ashar ba tsoro,
Ga hayaƙi mai shaƙe maƙogwaro?
In bai saba yau ba, gobe ba ya zuwa.

Baba Na-Kobi:
Inna, kin yi gaskiya, ban da ta cewa. Kai kuwa Ɗan Yelwa, zo nan.

Ɗana, na ji duk batunka,
Amma waya ba ta rungumarka,
Ran da aka ci, wa zai ɗaga ka,
Ku faɗi tare kuna ta rawa?

Lahadi in Wikki na gida, ka zo,
Kuɗin ƙofa nawa ne, kai dai ƙwazo,
Ido da ido, ba a yanar gizo,
Ga rake a bakin ƙofa ana sayarwa.

Ɗan Yelwa:
Zan zo, Baba, in Allah ya kai mu,
Sai dai Arsenal na da wasa, ya za mu?
Ido ɗaya a fili, ɗaya a wayarmu,
In ka ji na yi ihu, kar ka yi mamaki.

Mai Gidan Kallo, Wunti:
Ya karya! "Mamaki" ba "wa" ba ne. Shayi a kanka, mai kauri, da biredi. Bayan isha'i muna jira a Wunti, kuma Na-Pantami ya ce a aika masa nasa a motar Gombe.