Wa ya taɓa hawa dutsen Mansa Devi a Haridwar?

Salam jama'a, ina karatu a Dehradun a ƙasar Indiya, abokina ɗan Hindu ya matsa sai na raka shi Haridwar ran Asabar mu hau dutsen Bilwa inda ɗakin bautar Mansa Devi yake, daga sama ana hango kogin Ganga. Ni dai kallo ne zai kai ni. To ya ce in an shiga ana ɗiga wa mutum jan abu a goshi a miƙo alewar da aka kai wa gunkin, ni kam bazan karɓa ba kuma bana so in kunyata shi gaban iyayensa. Ya zan ƙi cikin ladabi? Ko in tsaya wajen ajiye takalma kawai? Gwiwata ma ciwo take, motar igiyar nan da ke kai mutane saman dutsen ana dogon layi ne?