Muhawara: /var/www ko /srv, ina ya dace a ajiye fayilolin shafin intanet?

Malam Habu: Assalamu alaikum. Ni a ganina, ajiye fayilolin shafi a /var/www al'ada ce kawai. Ƙa'idar FHS, wadda ta tsara aikin kowace folda a Linux, ta ware /srv tun bugu na 2.3 a shekarar 2004 domin bayanan da sabar, wato kwamfutar da ke ɗauke da shafin, ke miƙa wa jama'a, alhali /var wurin abubuwan da ke ƙaruwa da raguwa kullum ne, irin su rajistar ayyuka da wasiƙun da ke jiran fita. Ko sunan /var/www bai zo a cikin ƙa'idar ba.

Malama Rabi: Wa alaikumus salam. Malam, ban musa abin da ƙa'idar ta ce ba, amma da nau'o'in Linux na Debian da Ubuntu muke aiki, kuma Apache ɗinsu, wato manhajar da ke miƙa shafi ga masu ziyara, yana zuwa ne da /var/www/html a shirye. A cikin fayil ɗin saitinsa, apache2.conf, an rufe dukkan tushen faifai, an buɗe /var/www da /usr/share kaɗai, sashen /srv kuwa a kashe yake. Wanda ya kwashe kayansa zuwa can bai gyara wannan ba, kuskuren 403 na hana shiga zai tarar. Abin da ya fi damuna ma shi ne wanda zai gaji sabar bayanka, domin ranar da shafi ya faɗi da tsakar dare, /var/www zai fara dubawa.

Injiniya Bala: Ni kam na ɗanɗana kuɗata. Na taɓa kula da sabar wata makaranta da aka ware wa /var ɗan ƙaramin yanki a faifai, rajistar da ke /var/log ta cika shi tam, ɗalibai suka kasa ɗora takardunsu a ranar ƙarshe ta rajista. Tun daga nan nake bin Malam Habu. Kuma a cikin sauran nau'o'in Linux, openSUSE na amfani da /srv/www/htdocs, Arch na amfani da /srv/http, saboda haka ba mu kaɗai ba ne.

Malama Rabi: Injiniya, Allah ya kiyaye gaba, amma wannan laifin rabon faifai ne da rashin saita logrotate, manhajar da ke rage tsohuwar rajistar ayyuka. Kana iya ɗaura wani faifai daban a kan /var/www, rajista ta cika nata wurin ba tare da ta taɓa shafin ba.

Malam Habu: Na yarda da wannan gyara, Malama. Inda ba zan sassauta ba shi ne ajiye shafi a /home, inda foldar gida ta kowane mai amfani take. Masu cPanel, manhajar da masu hayar sabar ke amfani da ita, suna ajiyewa a public_html na foldar gida ne saboda abokan ciniki da yawa ke raba sabar ɗaya. A sabarka ta kanka kuwa, tun Ubuntu 21.04 foldar gida ke zuwa da izinin 750, wanda ke hana baƙi shiga, don haka www-data, asusun da Apache ke aiki da shi, ba ya iya shiga, sai ka ga mutum ya mayar da ita 777, wato a buɗe ga kowa, don ya huta, ya bar makullan SSH ɗinsa na shiga sabar daga nesa a foldar da kowa ke iya taɓawa.

Injiniya Bala: A kan Red Hat ma tsarin tsaro na SELinux zai hana Apache shiga foldar gida, sai an kunna saitin httpd_enable_homedirs. Malama, a kan Debian zan gwada shawararki ta faifai daban kafin in sake magana.