Zaɓen alƙalai a Amurka: kowa ya faɗi abin da ya gani a jiharsa

Mazaunin Houston, Texas:
Assalamu alaikum. Ganin ƙannenmu da yawa sun samu takardar zama 'yan ƙasa, ina so kowa ya faɗi yadda ake zaɓen alƙalai a inda yake. A nan gundumar Harris, da ka gama da manyan kujeru sai sunayen alƙalai su yi ta zuwa har ido ya gaji, kowanne da jam'iyyarsa a gefe. Alƙalin kotun gunduma shekara 4 yake yi, ya dawo neman ƙuri'a. A 2018 'yan Democrat suka kwashe kujerun kaf, mata baƙaƙen fata 17 suka ci a dare ɗaya. Mun yi murna. Sai dai a lokacin dannawa ɗaya ake yi a zaɓi jam'iyya sukutum, kuma na tabbata yawancinmu ba mu san ko ɗaya cikinsu ba. Tun 2020 aka daina wannan, yanzu sai ka bi su ɗaya bayan ɗaya.

Hajiya daga Bronx, New York:
Wa alaikumus salam. Ɗana, ai ku har zaɓi kuke da shi. Mu nan wakilan jam'iyya ne ke taruwa su tsayar da 'yan takarar babbar kotun da ake fara shari'a, wanda ya ci kuma shekara 14 zai yi. Na sha ganin sunayen da ke kan takarda sun yi daidai da yawan kujerun. To me aka bar mini in zaɓa?

Injiniya a San Jose, California:
Hajiya, mu mun ga inda ƙuri'ar ta yi cizo. Aaron Persky alƙali ne a gundumarmu ta Santa Clara. Tsohon mai gabatar da ƙara ne, Gwamna Gray Davis ya naɗa shi a 2003. A nan idan ba wanda ya fito ya kara da alƙali mai ci, ko sunansa ba ya fitowa a takarda, don haka shekara da shekaru ba mu san da shi ba. Sai 2016, ya yanke wa wani ɗalibin Jami'ar Stanford ɗaurin wata 6 kan cin zarafin wata mata da ba ta cikin hayyacinta, yaron ya yi wata 3 aka sake shi. Gari ya ɗauki zafi.

Na tuna wata dattijuwa da ƙaramin tebur a ƙofar kantin da muke cefane, ta ɗaure biro da zare don kada a tafi da shi, tana neman sa hannu a cire alƙalin. Matata ta sa. Ni na wuce, muka yi ta gardama a mota har gida. Hujjata ita ce jami'an kula da masu laifi ne suka ba da shawarar hukunci mai sauƙi, kuma hukumar da ke ladabtar da alƙalai ta bincika ba ta same shi da laifi ba. Ita kuma ta ce da ɗan talaka ne ko baƙar fata, da ya ji a jikinsa. A Yunin 2018 aka cire shi da sama da kashi 60 cikin 100, karo na farko a California tun 1932. Har yau ina ganin duk alƙalin da ya kalli abin da ya faru zai riƙa tsananta hukunci don ya tsira da kujerarsa, kuma 'ya'yan irinmu ne za su fi shan wannan tsananin.

Direban tasi a Chicago:
Yaya, ban yarda da kai duka ba. A gundumar Cook, bayan shekara 6 tambaya ce kawai: a bar shi ko a'a, kuma sai ya samu kashi 60. Tun 1990 ba a kayar da ko ɗaya ba sai 2018, da Matthew Coghlan ya faɗi. Shekara 28 ke nan kowa na wucewa. Wannan ai ba tsoron jama'a ba ne. Ni ƙungiyoyin lauyoyi nake bi, suna fitar da jerin waɗanda suka cancanta da waɗanda ba su cancanta ba. Bugawa nake yi in ninke a aljihu, in shiga da ita rumfar zaɓe.

Baba mai ritaya, yana ziyara a Columbus, Ohio:
Na yi aikin rajista a kotu a gida. Can Majalisar Shari'a ta Ƙasa ce ke ba da suna, gwamna ya naɗa, kuma kowa ya san ana kamun ƙafa. Amma da jikata ta nuna mini allon kamfe na mai neman alƙalanci a kafe a ƙofar gidan maƙwabci, sai da na sa ta sake karanta mini. Wa ke biyan kuɗin allon?

Mazaunin Houston:
Baba, a nan Texas lauyoyi na cikin masu bayarwa, har da waɗanda gobe za su tsaya a gabansa. Doka ta sa iyaka, kuma ana wallafa sunayen masu ba da kuɗin. Mutanen Minnesota, ku muke jira. Na ji ku ana rubuta wa alƙali mai ci alama a gefen sunansa, ya abin yake?