Makina ya zube, a gida kuma ba wanda ya sani

Mai tambaya: Salamu alaikum jama'a. Don Allah admin a ɓoye sunana. Ni ɗalibin jami'a ne a nan Jos, zan shiga aji uku da CGPA (matsakaicin makina gaba ɗaya) 1.9, ga kariyoba (kwasa-kwasan da na faɗi, sai na sake) a kaina. Mahaifinmu dillalin kayan gwari ne a kasuwar Farin Gada, bara shanyewar ɓarin jiki ta kwantar da shi. Yayana yana Kaduna, sai dai waya. Ƙanin Baba ya karɓi rumfar, ko kuɗin cefane bai kawo ba, har Mama ta sayar da keken ɗinkinta, da aka yi magana kuma ya ce an raina shi. Shi ne na karɓa. Daga sallar asuba ina wajen sauke tumatir da kabeji, kafin in sallami 'yan dako lakcar ƙarfe takwas ta wuce. Da dare ina buɗe littafi sai barci. Mama ta ɗauka karatu lafiya lau. Yaya zan yi?

Injiniya: Wa alaikumus salam. Allah ya ba Baba lafiya. Ƙanina, zo mu yi lissafi. A darajojin digiri, 2:2 (daraja ta biyu, ƙarama) daga CGPA 2.40 take farawa, 2:1 (daraja ta biyu, babba) daga 3.50. Idan kos ɗinka na shekara huɗu ne, rabi ya tafi. Ko A ka ci a duk abin da ya rage, 2:1 ta wuce ka, cire ta a ranka. Amma 2:2 tana nan: kana buƙatar kusan 2.9 a sauran zanguna huɗu, wato C, maki 50 zuwa 59, a kusan komai. Fara da kwasa-kwasai masu yunit uku, su ke ɗaga mutum, su ke kayar da shi. Kuma ka bar kasuwar nan.

Maman Yasmin: Kafin komai ka gaya wa mahaifiyarka, ɗana. Ranar da ta ji a bakin wani, abin zai fi mata ciwo.

Ɗan Rikkos: Ni dai a makarantar da na yi, ba irin karatun da ban yi ba, malami ɗaya ya riƙe ni shekara guda. Ga yajin aikin ASUU, ƙungiyar malaman jami'a, na 2022 ya cinye mana wata takwas. Yau ina da kwalin, Keke Napep nake ja. Riƙe rumfarka, malam.

Mai tambaya: Yaya Injiniya, na gode, amma in na bar kasuwa wa zai sayi maganin Baba? Ƙannena huɗu. Hajiya, Mama tana da hawan jini, ba zan iya gaya mata yanzu ba.

Injiniya: Ban ce a rufe rumfa ba. Ka sa yaro amintacce da safe, kai ka zo lissafi bayan la'asar. Makin gwaji da aikin gida a aji ake samunsu, wanda ba ya zuwa ya shiga jarrabawa da ƙafa ɗaya. Kariyoba nawa ne ma? Wane kos kake yi? Ba ka faɗa ba.

Ummu Sadik: Ni ina ganin ya rubuta takardar jingine karatu na shekara guda, ya daidaita gida tukuna. Ya je wajen malamin da ke kula da ajinsu, zai nuna masa hanya.

Injiniya: A'a Malama. Wanda ya saba da kuɗin kasuwa shekara guda da wuya ya koma aji. Gara ya nemi bashin NELFUND, asusun gwamnati na ba ɗalibai rance, suna biyan kuɗin makaranta har da na kashewa duk wata.

Ɗan Rikkos: Bashi kuma? Da me zai biya?

Mai tambaya: Maganar yaro, ƙanin Baba ma ga yadda muka ƙare, balle bare. Kuma ni ba raggo ba ne, a sakandare ina cikin na gaba-gaba. Abin da nake nema yadda zan yi karatun dare barci bai kwashe ni ba.

Maman Yasmin: Mutumin da ya tashi tun asuba yana fama da kwanduna, ina zai ga ƙarfin karatun dare?

Injiniya: Har yanzu ba ka gaya mana kariyoba nawa ba ne.