Idan aka kawo mana mutum goma da guba a jikinsu, wa aka koya wa abin yi?

Maman Khalifa:
Assalamu alaikum. Ni ma'aikaciyar jinya ce a sashen gaggawa na wani babban asibiti. Duk damina sai an kawo mana masu feshi a gona da fiya-fiya ko wani maganin ƙwari ya taɓa. Za ka ga mutum yana zubar da yawu, zufa ta jiƙe shi sharkaf, baƙin idonsa ya tsuke, ƙirjinsa yana ƙara. Ɗaya ko biyu muna iyawa. Abin da ke hana ni barci shi ne ranar da za a kawo goma ko ashirin lokaci guda, kamar yadda aka yi a Jos a watan Yulin 2015, da iskar kulorin ta fashe a matatar ruwa ta Lamingo, mutum 8 suka rasu. An yi mana horo kan kwalara da zazzaɓin Lassa, amma kan sinadarai ko sau ɗaya. Don Allah wanda ya san yadda ake shirya irin wannan horon, daga ina ake farawa?

Ɗan Kwana-kwana:
Wa alaikumus salam Sista. Daga bakin ƙofa ake farawa, ba daga ɗakin taro ba. Mu abu na farko da ake cusa mana shi ne ka tsaya ta inda iska ke busowa, kuma a tudu, domin kulorin ta fi iska nauyi, kwari da kwalbati da ɗakunan ƙasa take bi. Na biyu, a cire wa mutum tufafinsa. Wannan kaɗai yana raba shi da mafi yawan abin da ke jikinsa. Rigar yanka ta ake yi da almakashi, ba a zare ta ta kai, kada ta goga masa a ido da baki. A ƙulle kayan a leda biyu, a wanke shi da ruwa mai yawa da sabulu, sannan ya shiga ciki. Kuma ku tuna ba motar asibiti ce ke kawo yawancinsu ba, ɗan adaidaita ne da maƙwabta. Don haka maigadi da masu shara da masu tura gado su ma a sa su a horon.

Likitan Dare:
Abin da Malam ya faɗa na ƙofa shi ne darasin Tokyo. Ranar 20 ga Maris 1995 aka saki wata iska mai guba da ake kira sarin a jirgin ƙarƙashin ƙasa na birnin, asibitin St. Luke ya karɓi mutum kusan 640 a yini ɗaya, da yawansu da ƙafarsu suka zo ko a tasi, da kayansu a jiki. Kusan kashi ɗaya cikin huɗu na ma'aikatan asibitin sai da suka ji alamun gubar a jikinsu. Ƙasar Japan ce fa, mai kayan aiki.

Ni abin da zan ƙara, ku je ku ƙirga atropine ɗin da ke kabad ɗinku yau, wato allurar da ke karya gubar fiya-fiya. Wanda fiya-fiya ta yi wa mugun kamu, ana ninka masa allurar duk bayan minti biyar har sai ƙirjinsa ya bushe, mutum ɗaya zai iya cinye kwalabe masu yawan gaske. Sabbin ma'aikata tsoro suke ji, su ba da kwalba ɗaya su tsaya jira, majina kuwa tana shaƙe mara lafiya. Wannan sai an gwada da hannu, ba ya shiga ta majigi. Sai kuma ƙwayar da ake jefawa cikin buhun wake: ita ba ta da makari, kuma aman wanda ya haɗiye ta yana fitar da iska mai guba, a buɗe tagogi. Dangi kuma a daina bari su ɗura wa mutum manja ko madara don ya yi amai, huhu yake komawa.

Maman Khalifa:
Na gode ƙwarai. Amma Malam, ga gaskiyar wurinmu: ta yaya zan ce wa matar aure ta tuɓe a bakin ƙofar asibiti, mijinta da jama'a na tsaye? Wallahi gara ta mutu da kayanta, na san mutanenmu.

Ɗan Kwana-kwana:
Gaskiyarki ne, kuma shi ya sa ake shirya wurin tun kafin ranar. Ku sami gefe kusa da famfo, a kafa sanduna a ɗaura tamfol, ɓangaren mata daban, mata ne za su yi wankin. A ajiye zannuwa da hijabai masu tsabta a akwati ɗaya da safar hannu mai kauri, almakashi da leda, kuma mabuɗin ya kasance a hannun mai aikin dare. Ki kai wa shugabar ma'aikatan jinya maganar a rubuce, ku gayyaci 'yan kwana-kwana na garinku da hukumar agajin gaggawa ta jiha. Ku yi gwajin farko da daddare, lokacin da ma'aikata suka fi ƙaranci, da garin rogo a madadin guba, ku ga hannun mutum nawa zai taɓa kafin a kai mara lafiya gado.