Shanyewar ɓarin jiki na bin dangin maigidana, kuma ba su da hawan jini: wa ya taɓa ganin irin haka?

Maman Khalid (Agege):
Assalamu alaikum jama'a. Don Allah ina neman wanda ya taɓa shiga irin halin da muke ciki. Maigidana shekararsa 43, direban tirela ne yana lodi daga Apapa, wata uku da suka wuce ya dawo daga masallaci da asuba na miƙa masa shayi sai na ga kofin ya zame daga hannunsa na dama, bakinsa ya ɗan karkace, magana tana fita kamar mai barci. Kafin mu kai asibiti ya fara dawowa daidai. An auna jini lafiya lau, ba hawan jini ba suga, an yi hoton ƙwaƙwalwa na CT aka ce ba a ga komai ba, aka ba mu magani muka dawo. To abin da ke hana ni barci shi ne mahaifinsa haka ya fara, ɓarin jikinsa ya shanye bai kai hamsin ba, daga baya har ya daina gane 'ya'yansa, ƙanwar mahaifin ma haka, kuma shi maigidan tun yana saurayi yake fama da wani ciwon kai na ɓari guda da sai ya ga walƙiya a ido kafin ya zo. A gida can cewa ake jifa ne aka yi wa zuri'ar. Ni dai zuciyata ba ta kwanta ba, ga yara huɗu.

Abu Ammar (Mile 12):
Allah ya ba shi lafiya Hajiya, ya sa kaffara ne. A ci gaba da addu'a amma kar a bar asibiti.

Anti Balaraba (Idi-Araba):
Maman Khalid wallahi ina karanta rubutunki jikina ya yi sanyi, don kamar labarin gidanmu kika kwashe. Bari in ba ki namu, ba wai ina cewa irinsa ne ba, likita ne zai faɗa.

Mahaifiyarmu ta rasu bayan shekaru tana kwance, kafin nan mun sha kai ta ruƙiya saboda halinta ya canza, mace mai fara'a ta koma shiru, sai kuka ba dalili, ta ɗora tukunya ta manta har ta ƙone. Sai yayanmu namiji ya fara nasa yana da 46. Shi ma CT bai nuna komai ba har sau biyu, wani wurin ma cewa aka yi damuwa ce ta yi masa yawa ya je ya huta. Sai da Allah ya haɗa mu da likitan ƙwaƙwalwa, shi ne mutum na farko da ya ajiye biro ya ce ku faɗa min su wa da wa suka yi wannan a danginku, ya ɗauki takarda ya zana mu kaf tun daga kakarmu, wa ya haifi wa, wa ya rasu da me, yana da shekara nawa. Yana gama zanen ya ce a yi MRI, wani hoton ƙwaƙwalwa ne daban da CT. Ranar da ya ɗora hoton a kwamfuta ya juyo mana da ita na ga wasu fararen tabo-tabo birjik a gefe biyu na ƙwaƙwalwar, ya nuna wajen saitin kunne ya ce wannan wurin ne ya sa yake zargin wata cuta da ake kira CADASIL.

Yadda ya yi mana bayani, akwai wata ƙwayar halitta mai suna NOTCH3 da idan ta zo da tangarɗa, bangon ƙananan jijiyoyin jini na cikin ƙwaƙwalwa yana ta kauri yana lalacewa a hankali, jini ya daina isa yadda ya kamata, sai a riƙa samun ƙananan shanyewa ɗaya bayan ɗaya ko da mutum ba shi da hawan jini. A 1996 masu bincike a Faransa suka gano ƙwayar. Yawanci ciwon kan nan mai walƙiya ne ke fara zuwa tun ana samartaka, shanyewar ta biyo baya wajen shekara arba'in zuwa hamsin, sannan mantuwa da canjin hali. An ɗebi jinin yaya aka tura ƙasar waje, mun jira makonni, sakamako ya dawo ya tabbata. Kuɗi kam mun kashe, sai da muka yi karo-karo. Ya ce wani lokacin ana iya yanko 'yar fata a duba ta, ita ma tana nunawa.

Babu maganin da ke warkar da ita gaba ɗaya, wannan bai ɓoye mana ba. Amma yaya ya bar sigari ranar, ana bin jininsa da suga da kitse, yana zuwa gashin ƙashi, kuma mun daina zargin cewa jifa ne daga matar kawunmu da aka yi shekara ashirin ba a gaisawa da ita. Wannan kaɗai ni a wurina ya biya kuɗin gwajin.

Malam Sani mai canji (Obalende):
Anti to ba auren zumunci ke kawo irin wannan ba? Don mu gidanmu kusan duk ɗan wa da 'yar ƙani ne.

Nas Hadiza (Surulere):
Malam Sani ba kowace ba. CADASIL daga mahaifi ɗaya ma ta isa, uwa ko uba, kuma kowane ɗa da aka haifa rabi da rabi ne, ko ya ɗauka ko bai ɗauka ba, mace da namiji duk ɗaya, ko da bare aka aura. Waɗanda auren dangi ke ƙara wa ƙarfi su ne masu buƙatar ƙwaya daga uwa da uba duka, kamar sikila, da wata 'yar'uwar CADASIL ɗin da ake ce wa CARASIL wadda ta fi ta wuyar samu, ita tana zuwa da sanƙo da ciwon baya tun da ƙuruciya.

Maman Khalid abin da zan ce miki a matsayina na wadda ke aiki a ɗakin marasa lafiya: abin da ya sami maigidanki da asuba, ko da ya warware cikin minti talatin, gargaɗi ne babba, kar a ce ai ya wuce. CT yana da kyau wurin nuna zubar jini cikin gaggawa amma ƙananan tabon nan sau da yawa ba ya kama su, MRI ke kamawa. Ki nemi a rubuta muku takardar zuwa wurin likitan ƙwaƙwalwa, akwai su a asibitocin koyarwa na LUTH nan Idi-Araba da LASUTH a Ikeja. Kafin ku je ki kira tsofaffin gida ki rubuta sunan duk wanda ya taɓa shanyewa ko farfaɗiya ko ruɗewar tunani da shekarunsa lokacin da ya fara. Kuma don Allah maganar tuƙin tirela a tambayi likita kafin ya koma kan hanya.

Ummu Sadiq (Alaba Rago):
Namu daban ne amma a jijiyar ƙwaƙwalwa ne shi ma. Yarona mai sikila ne, SS. Ni da na ɗauka sikila ciwon ƙashi ne da ƙarancin jini kawai, ban taɓa sanin tana shanye yaro ba sai da wata mata a layin asibiti ta tambaye ni ko an yi masa TCD. Na ce mene ne haka. Ashe wani gwaji ne ba allura ba zafi, ana shafa ɗan man nan mai sanyi a gefen kai kusa da kunne a ɗora na'ura, kana jin ƙarar jinin shuu shuu, tana auna gudunsa. Idan gudun ya kai 200 ko ya wuce to jijiya ta tsuke, yaro na cikin hatsari. A cibiyar sikila da ke kallon LUTH muka yi. Na Sadiq ya haura, yana da shekara 6, yaro yana wasansa ba alamar komai. Aka ɗora shi kan wani magani mai suna hydroxyurea, likitar ta ce ai a Kano ma an yi bincike a kan yaranmu aka ga yana rage hatsarin a inda ƙarin jini kowane wata ke da wuya. Ta ce ba don rigakafi ba, kusan yaro 1 cikin 10 mai SS kan samu shanyewa kafin ya kai shekara 20. Ana fara gwajin daga shekara 2 har 16, duk shekara. Akwai wata yarinya da muke haɗuwa da su, ita jijiyoyin sun riga sun toshe har wasu sirara sun tsiro a gefe, ana ce masa moyamoya, kalmar Japan ce, wai don a hoto suna kama da hayaƙi.

Baban Ilham (Ijora):
Ni haɓo ne a gidanmu, ni da mahaifina da ƙannena biyu, tun muna yara filo duk jini, ana cewa zafin rana ne. Sai da ƙanina ya faɗi da farfaɗiya a wurin aiki aka yi hoto aka ga wani dunƙulen jijiyoyi a ƙwaƙwalwarsa. Likitan ya ce in buɗe baki, ya ga jajayen ɗigo-ɗigo a leɓena da harshe da kan yatsu, ya ce wata cutar jijiyoyin jini ce da ake kira HHT, ta gado. Ya sa duk aka duba mana huhu don irin dunƙulen yana fitowa a can ma kuma daga can gudan jini kan iya wucewa kai. Yanzu maganin ƙarin jini nake sha kullum.

Maman Khalid (Agege):
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Anti Balaraba tambaya ɗaya da nake jin nauyinta, ke kin yi gwajin? Kuma yaran fa?

Anti Balaraba (Idi-Araba):
Ki tambaya 'yar'uwa ba komai. Na yi shekara biyu ina kai da komo kafin na yi, duk ciwon kai sai gabana ya faɗi. Nawa ya dawo ba ni da ita, na yi kuka na farin ciki sannan na kasa kallon idon ƙanwata da nata ya nuna akwai. Wani ƙaninmu ya ce shi ba ya so ya sani, ba wanda ya matsa masa. Yara kuwa likita ya ce a bar su sai sun girma su zaɓa da kansu tunda ba abin da za a fara musu yanzu. Amma mun yanke a gida cewa ba za mu ɓoye wa wanda ya zo neman aure ba.

Maman Khalid (Agege):
Na kira gwaggonsa a Katsina jiya da daddare, mun fi awa ɗaya, ta lissafo min mutum bakwai har da wasu biyu da ban taɓa jin labarinsu ba, duk na rubuta a bayan littafin makarantar Khalid. An ba mu ranar Talata mu ga likitan. Maigidan ya yarda yaron motarsa ya riƙa yin lodin kafin nan. Ku sa mu a addu'a.