Yadda zan ciro lambar ƙauye daga cikin lambar gida a R

Ɗan Marwa:
Assalamu alaikum malamai. Ina aiki a kan bayanan manoman masakwa da muka tattara a yankunan Diamare da Mayo-Tsanaga na Kamaru, kuma kowane gida yana da lamba irin wannan: DIA-014-07, wato yanki, sai ƙauye, sai gida. A Stata, manhajar nazarin bayanai, na saba rubuta substr(lamba, 5, 3) in samu 014, amma da na maimaita hakan a R, wata manhajar irinta, babu abin da ya fito sai "" a kowane layi, kuma bai nuna mini wani kuskure ba. Don Allah ina matsalar take?

Malama daga Garwa:
Wa'alaikumus salam. Sunan umarnin ne kawai ya zo ɗaya. A Stata da manhajar SAS, adadi na ƙarshe yana nufin yawan haruffan da za a ɗauko, a R kuwa yana nufin gurbin da za a tsaya. Ka umarce shi ke nan ya fara daga harafi na 5 ya tsaya a na 3, shi ya sa ya dawo maka hannu rabbana. Rubuta substr(lamba, 5, 7).

Wani ɗalibi daga Njamena:
Gaskiya ne, Malama, sai dai ina jin tsoron lambobin Mayo-Tsanaga, domin idan MT aka rubuta, haruffa biyu ne, kuma ƙirgen gurbi zai zame ya ba da "14-" ba tare da kowa ya lura ba. Ni dai na fi natsuwa da yanka rubutun a wurin karan tsakiya (-): sapply(strsplit(lamba, "-"), "[", 2). Haka kuma kada ka yi gaggawar mayar da sakamakon adadi da as.numeric, saboda sifilin farko zai ɓace, 014 ya koma 14, daga nan ya ƙi haɗuwa da jerin ƙauyukanka.

Malama daga Garwa:
Madalla. Ƙari ɗaya ga masu komawa Stata: substr bayit (ma'aunin ajiyar bayani a kwamfuta) yake ƙirgawa, ba haruffa ba, alhali a tsarin ajiye rubutu na UTF-8 harafin é na Diamaré, da namu ƙ da ɗ da ɓ, kowannensu bayit 2 ne. Tun Stata 14 akwai usubstr mai ƙirga haruffa, shi ya dace da sunayen garuruwa.

Ɗan Marwa:
Allah ya saka da alheri. MT ne kuwa, kuma strsplit ya raba su daidai. Saura wasu gidaje da aka rubuta da ɗigo maimakon kara, zan gyara su kafin in sake gwadawa.